Ƙusar da Ba a Rataya wa Komai Ba

Ture tsummokaran nan gefe ka zauna, kujerar ba ta cizo. Ƙafata ce kawai ke kan keken ɗinki, bakina ba ya aikin komai. Tun da ka tambayi ko wace ce malamar nan da ta wuce ɗazu da lema, ta ce mini "Nang Saling, ina wuni" ba ta ko tsaya ba, to sai ka gyara zama ka ji har ƙarshe. Ni ba na ba da rabin labari.

Marichu ke nan, 'yar Nong Pulo mai hawan kwakwa. Nong ɗin nan da Nang duk girmamawa ce, kamar a ce yaya. Ita ke koyar da 'yan aji huɗu a firamaren bayan coci. Gidansu ne wancan mai bangon gora, shinge kawai ya raba mu, don haka in an yi tari a can ina ji a nan.

Ubanta sunansa na baftisma Crispulo, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da shi ba sai fadan coci ranar aurensa. Aikinsa tatsar bammi. Da safe ya hau, da yamma ya hau, gorar tara bammi a baya, lanƙwasasshiyar wuƙa a ƙugu, tafin ƙafarsa kamar tayar mota. A aji uku ya bar makaranta. Matarsa Luding ta rasu wurin haihuwa ta biyu, ita da jaririn, lokacin Marichu tana ajin farko. Daga nan gidan ya koma mutum biyu. Shi ke dafa shinkafa, shi ke soya busasshen kifi, har kitso ya so ya koya, sai da na ga kan yarinyar ya zama kamar sheƙar tsuntsu na ce, "Pulo, don Allah bar mini wannan, kai ka tsaya a kan bishiyarka."

To ka san yadda muke yi a watan Maris in shekarar karatu ta ƙare. A kafa dandamali, a jera kujeru, duk yaron da ya yi fice a kira shi tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, su hau tare, a miƙa wa uban lambar yabo shi ya rataya wa ɗansa a wuya da hannunsa. Sauran iyaye kuwa suna ƙasa suna fifita. A shekarar da Luding ta rasu Marichu ta zo ta ɗaya. Aka kira Pulo, ya hau da silifas da rigar aro da ta yi masa yawa, yana ta kici-kici har igiyar lambar ta maƙale a kunnen yarinyar. Mutane suka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma ya ji ta. Washegari ya zo nan da yadi fari mai shara-shara ya ajiye mini a kan tebur.

"Saling, rigar barong nake so. Irin ta masu gari, da aiki a ƙirji."

Na ce, "Aure za ka ƙara?"

Ya ce, "Hawa zan riƙa yi. Yarinyar nan ba za ta bar ni in zauna a ƙasa ba, na ga alama."

Na ɗinka masa. Namiji irin Pulo barong guda yake mallaka duk rayuwarsa, ya sa ta a taro, ya sa ta a coci ranar babban biki, in ya mutu kuma da ita za a kwantar da shi a akwati. Kowa ya san haka, ba a dai faɗa wa mai kawo ɗinki.

Bai yi ƙarya ba kuwa. Kowace shekara sai ya hau. Kowace lamba in an dawo da ita gida sai ya kafa mata ƙusarta a jikin ginshiƙin tsakar ɗaki, kusa da siffar Yesu Jariri. In iska ta taso daga teku sai ka ji suna ƙarar juna kamar kuɗin baiko. Abokin shan bamminsa, Nong Berting, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Kai Pulo, sunanka ma sai ka yi gumi kafin ka rubuta. Daga ina yarinyar nan ta samo kai?"

"Daga uwarta. Ni kyau kawai na ba ta."

"To an cuce ta ta gefe guda."

Da ta gama sakandare ta shiga kwalejin da ke babban garin lardi, tana karatun malanta. Kullum a jifni, motar hayar nan tamu, tafi da dawowa. A makon farko ta ba ubanta labarin cewa a can ma akwai lamba, amma guda ɗaya ce tak, sai ranar fita, ana ba waɗanda suka gama da daraja, abin da suke kira kum laude. Ya sa ta maimaita kalmar har ya riƙe. Ranar ya samo wata babbar ƙusa ta jirgin ruwa ya kafa ta can sama da sauran, ya ce wannan ta kum laude ce. Daga nan sunanta ya koma haka a bakinsa. "Kum laude, zo ki ci abinci." "Kum laude, ina kika ajiye ashana?"

Lambar nan tana da sharaɗi mai tsauri. Makinmu ka san shi, ɗaya ce gaba, uku ita ce ta wanda ya tsallake da ƙyar, biyar faɗuwa. A kwalejin nan ko sau ɗaya ka taɓa cin uku, a kowane darasi, a kowace shekara, to ka fita daga layin masu lamba, ko da sauran makinka duk ɗaya ne. Marichu ta kai shekarar ƙarshe ba ta taɓa ganin uku ba ko a mafarki.

Sai ƙafafun Pulo suka fara kumbura. Da farko ya ce tsufa ne. Sai wata safiya na leƙa na gan shi tsaye a gindin kwakwa ya rungume ta, ƙafa ɗaya a kan tsagin farko da ya sara don takawa, ya kasa ɗaga ta biyun. Ya daɗe a haka kafin ya sauke. A asibitin lardi aka ce ƙoda ce, duka biyun, kuma sai an riƙa yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Gurbin da ya rage safiyar Talata da safiyar Juma'a. Kuma ba sa karɓar majinyaci shi kaɗai, dole ya zo da mai jinya da zai zauna kusa da shi tun daga sa allura har cire ta, ya sayo abin da aka ce a sayo, ya kira nas in jini ya sauka.

Safiyar Talata da ta Juma'a kuwa su ne lokacin darasin ƙididdiga, ɗaya daga cikin darussan Marichu na ƙarshe.

Kar ka ce ba mu yi ƙoƙari ba. Na je a madadinta. Ina ganin jinin mutum yana yawo a cikin roba yana shiga inji yana dawowa, sai ƙasa ta juya, na farka a kan gadon da ke kusa da nasa ana yi mini fifita. Pulo yana kwance yana dariya, "Saling, wa ya kawo wa?" Berting ma ya je, amma ya je da warin bammi, aka ce kar ya sake dawowa. Dangin Pulo kuwa suna can tsibirin Negros wurin yankan rake. Aka koma kan Marichu. Tana zaune a kujerar roba da littafin ƙididdiga a cinya, hannu ɗaya a kan ƙafar ubanta tana murza masa in jijiya ta ɗaure.

Bayan bikin sabuwar shekara malamin darasin, Malam Sombilla, ya kira ta ofis. Ita ta ba ni labarin da bakinta, kuma ba ta taɓa zaginsa ba, ni ma ba zan zage shi ba.

Ya ce, "Marichu, na juya lissafin nan ta kowace fuska. Gwaje-gwajen da suka wuce ki sun yi yawa. Ko kin cinye jarrabawar ƙarshe ba kuskure, uku za ki samu."

Ta ce, "Malam, ba wani aikin da zan ƙara yi in cike?"

"Duk wanda doka ta yarda in ba ki na ba ki. Da shi ne ma aka kai ukun." Ya cire tabarau ya goge ido. "Hanya biyu ce. Ki zauna a darasin, ki karɓi uku, ki fita a Maris ɗin nan da 'yan ajinku, amma ba lamba. Ko ki janye kafin a rufe janyewa, ba za a rubuta miki maki ba sam, sai ki sake darasin. Janyewa ba ta hana lamba a nan. Sai dai kin san ba a koyar da shi sai a zangon ƙarshe na shekara."

"Wato sai Maris na baɗi."

"Sai na baɗi. In da 'yata ce ke, da na ce ki janye. Shekara guda ba komai ba ce ga mai shekarunki."

Ta ce da shi, "Ga mai shekaruna, Malam."

Daga can wurina ta zarce, ba ta ko shiga gida ba. Ta same ni da barong ɗin ubanta a kan cinya, don tun kafin Kirsimeti ya kawo mini in rage ta, ya ce kar ranar ta zo ya hau yana iyo a cikin riga kamar karon farko. Na rage sau ɗaya, kafin in miƙa masa ta sake yi masa yawa. Ta zauna a inda kake zaune ɗin nan, ta gaya mini komai, sannan ta kalli allurorin da na jera a gefen rigar.

"Nang Saling, ke ce kike auna shi. Gaya mini gaskiya."

Na kira ta yadda muke kiran kowace yarinya, na ce, "Inday, ni tela ce, ba likita ba."

"Likitan ma na tambaye shi."

"Ya ce me?"

"Ya ce in ba shi duk abin da yake marmari."

Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar nan ya san ma'anar wannan magana, kuma ya san ba a kai ta kunnen marar lafiya. Muna cewa za ka warke, muna cewa ka fi jiya kyan gani, har ranar da za a kira fada ya yi addu'ar ƙarshe.

Da la'asar ta same shi a kan gadon gora da ke ƙofar gida, yana tsotsar ɗan guntun ƙanƙara, don ruwa ma an ƙayyade masa. Ina shanya a bakin shinge, duk na ji. Ta shimfiɗa masa maganar yadda malamin ya faɗa, ba ta rage komai ba. Bai ma bari ta rufe baki ba.

"Ki janye."

"Tay," wato baba, in ji ta, "shekara guda ce fa."

"To sai me? Kwakwa ma sai ta shekara kafin ta ƙosa, ban taɓa jin wanda jiranta ya kashe ba."

"Takardar ɗaya ce, Tay. Da lamba da babu lamba, malama ce zan zama."

"Takarda taki ce. Hawan nawa ne." Ya tofar da ruwan ƙanƙarar. "Tun kina wannan tsayin nake hawa. Sai a na ƙarshe, babban, za ki ajiye ni a ƙasa ina leƙe kamar wanda ya zo kallon faɗan zakaru ba shi da kuɗin shiga?"

"Za ka gan ni da rigar fita. Za ka ji an kira sunana."

"Baɗi ma zan gani, zan kuma ji, daga sama." Ya dube ta sosai. "Me kike tsoro, Kum laude?"

Ta sunkuyar da kai.

"Faɗi mana. Baki gare ki, duk makaranta an san ki da shi. Me zai faru kafin baɗi?"

Yaya za ta faɗa? Ta tashi ta shiga ciki ta ɗora tukunya. Shi kuma ya juyo wajena ya ɗaga murya, "Saling, ajiye rigar nan tukuna, ba sauri. Kafin baɗi na mayar da jikina, sai kin buɗe abin da kika rage."

Na ce, "To, Pulo."

Gaba kura, baya sayaki. In ta janye ta faranta masa, amma ta yi caca da abin da ba a sake bugawa. In ta karɓi uku, ko ba ta furta komai ba ta gaya masa a fuska cewa ba ta sa ran zai kai baɗi. Kwanakin nan ta rame kamar ita ake wa wankin. Ta je coci ta kunna kyandir, ta dawo ba amsa. Ta tambaye ni, na ce, "Inday, in na zaɓa miki na ɗauki kayan da ba zan iya saukewa ba." Har yau ban san ko tsoro ne ya sa na faɗi haka ko hankali ba.

Ranar da za a rufe janyewa ta faɗo a Juma'a. Bayan an cire masa allura suka fito, yana jan ƙafa. Kwalejin ba ta da nisa da asibitin. Ya zauna a bencin masu jiran jifni ya ce, "Je ki sa hannun, ina nan." Ta tafi. Ta ce mini ta isa har gaban tagar ofishin, akwai mutum biyu a gabanta, sai ta koma gindin mangwaron da ke tsakar filin ta zauna. Mutum biyun suka gama suka tafi. Matar da ke tagar ta leƙo ta ce, "Akwai saura?" Marichu tana kallonta ba ta motsa ba. Matar ta jawo katako ta rufe.

Ta koma ta same shi ya jingina da ginshiƙi, ido a rufe.

"An gama?"

"Ban janye ba, Tay."

Ya dafa ginshiƙin ya miƙe. Suka hau jifni suka koma gida. Sai da ya hau tsanin gida da ƙyar, ya zauna ya huta, sannan ya yi magana, a hankali, ba faɗa.

"Ashe ke ma kin auna ni. Saling da igiya take aunawa. Ke da me kika auna?"

Daga ranar bai ƙara kiranta Kum laude ba. Ta koma Day, wato Inday, kamar kowace yarinya a unguwa.

Ta ci ukunta. Maris ya zo da zafinsa. Na sake rage rigar, a wannan karon ban tambaye shi ba, da ido na yi. Muka tafi mu uku. Zauren ya cika, kowa na fifita da takardar shirin taro. Aka fara da masu lamba. Ana kiran suna, sai ka ga uwa ko uba sun miƙe suna gyara riga. Har da wata mai sayar da kifi a kasuwar lardi da Pulo ya sani, ta hau da takalmi mai tsini tana tangaɗi, ta rataya wa ɗanta tana kuka. Na saci kallon Pulo. Fuskarsa ba ta nuna komai, amma hannayensa biyu a kan gwiwa suna ɗagawa kaɗan suna buɗewa, kamar mai ware igiya.

Sai aka zo kan sauran, ana karanto sunaye da sauri kamar ana kiran fasinja. Da aka kira nata ya dafa kafaɗata ya miƙe. Shi kaɗai ne a tsaye a layinmu, na baya suna cewa a zauna ba sa gani. Bai tafa ba, bai ɗaga hannu ba, ya dai tsaya har ta karɓi takardar ta sauko ta ɗaya gefen. Sannan ya zube a kujera yana haki.

A waje ta zo da gudu da hular nan mai kusurwa huɗu, ta kama hannunsa ta kai goshinta, yadda muke gaida manya. Ya bar ta ta yi. Aka ɗauki hoto. Ya ce, "Rigar nan tana cizona, mu tafi gida."

A gida na dafa taliya da kaza, maƙwabta suka zo. Berting ya shigo da tulun bammi yana waƙa, shi ba wanda ya gaya masa komai.

"Ina lambar? A fito da ita in gani ko zinariya ce, in ciza!"

Ya bi idon mutane har kan babbar ƙusar nan, ya ajiye tulun a hankali ya ce ya tuna bai ɗaure akuyarsa ba.

To, ga inda labarin ya ƙi bin hanyar da muka shata masa. Pulo bai mutu ba.

Damina ta zo ta wuce yana nan. Guguwa ta ɗauke rabin rufinsu yana nan. Marichu ba ta nemi aiki ba, ba ta zauna jarrabawar lasisin malanta ba, ta ce sai gaba. Ita ke kai shi, ita ke dawo da shi, ita ke dafa masa abinci ba gishiri, ta jiƙa ganye ta zubar da ruwan, ta auna masa abin sha a ƙaramin kofi. Shi kuwa bai taɓa zaginta ba, kar ka ɗauka haka. Wasa kawai yake yi mata, irin wanda ba a dariya. Da safe in ta kawo masa kunun shinkafa sai ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Malama, a rubuta, yau ma na halarta."

Ranar tunawa da matattu, da muka je maƙabarta share kabarin Luding, ya dubi filin da ke gefe ya ce, "Day, gaya musu su yi haƙuri, na makara. 'Yata ta yi mini alkawarin wuri tun farkon shekara." Ta ci gaba da cire ciyawa ba ta ɗago ba.

Wata rana ya turo a kira ni, wai wuyan rigar ya saki. Ina durƙushe ina sa allura ya ce, "Saling, malamin nan ya yi gaskiya da ya ba ta uku."

Na ce, "Haba Pulo."

"Lissafinta bai fita ba. Ga ni."

"Ka gode wa Allah mana. Ka kuma gode mata. Wa ke riƙe maka ƙafa?"

Ya kalli ƙofar da ta fita. Na ɗauka zai faɗi wani abu. Sai ya ce, "Kar ki tsire ni da allurar nan, na sha isasshe."

Maris ya sake zagayowa. Lokacin ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, sai a ciccibe shi a ajiye a bakin ƙofa ya sha iska. Ranar fitar 'yan kwaleji, 'yar ƙanwar Berting, wadda ke bin bayan Marichu da shekara guda, ta dawo unguwa a bayan babur da lamba a wuya, yara na binta, an rataya babban ƙyalle mai hotonta a gaban gidansu. Suka wuce ta gabansa. Ya bi su da ido har suka sha kwana.

"Da yau ne," in ji shi.

Marichu tana tsaye a bayansa da kwanon wanka. Ta ce, "Tay, matakala ce fa. Ko tsayuwa ba ka iya yi."

"Da Berting ya goya ni. Sau nawa ya goyo ni daga wurin bammi?"

Ta ajiye kwanon ta zagaya bayan gida. Na ji ta a can, amma ban bi ta ba.

Da ruwan farko na watan Mayu ya tafi, da rana tsaka, tana murza masa ƙafa. Na kawo barong ɗin, na wanke na goge. Ba ta buƙaci ragi ba, na ƙarshen da na yi ya zauna masa daidai. A wurin zaman makoki ana ta karta ana shan kofi, Berting ya zauna kusa da akwatin bai taɓa ko kofi ɗaya na bammi ba, yana cewa, "Da na goya ka, tsohon banza. Wallahi da na goya ka."

Bayan an gama addu'o'i na so in sauƙaƙa mata. Na ce, "Inday, yi tunani. Da kin janye, da baɗin ma darasin nan Talata da Juma'a ne, asibiti ma Talata da Juma'a. Da ukun ce dai za ta sake samunki, ko abin da ya fi ta muni. Kuma wa ya sani, wataƙila shekarar nan da ya ƙara, hannunki ne ya ba shi ita."

Ta ce, "Wataƙila, Nang. Ko kuma da an samu gurbi an canza masa ranaku. Mutane suna mutuwa a ɗakin nan kullum, gurbi yana buɗewa. Ban gwada ba. Na riga na sa shi a cikin masu barin gurbin."



Ta ci jarrabawar lasisi daga baya, ta samu aikin nan na firamare. Shekaru sun tafi. Ba ta yi aure ba, ko da yake an nema. Lambobin suna nan a ginshiƙi, sun yi tsatsa da iskar teku, babbar ƙusar kuma tana sama da su ba komai a jikinta. Wata rana na shiga da jakar kasuwa, ban yi tunani ba na rataya a kai. Ta tashi ta sauke jakar ta ajiye mini a kan kujera, ta ci gaba da hirar da muke yi.

Kowane Maris kuwa ita ce ke tsayawa a gefen dandamali da faranti cike da lambobi, tana miƙa wa iyaye ɗaya bayan ɗaya. In wani uba ya hau da silifas igiyar ta harɗe masa, takan ɗan matsa ta ware masa ita. In an tashi ba ta tsayawa cin taliya, gida take wucewa.

Miƙo mini almakashin can kusa da ƙafarka. Yauwa. To kai da ka ji duka, in kai ne zaune a gindin mangwaron nan, tsohonka na can kan benci yana jiranka, matar ta leƙo ta taga tana tambaya ko akwai saura, za ka tashi ne, ko za ka bari ta rufe?